Wa Ke da Ikon Buɗe Wasiƙarka?

Ɗan'uwa mai karatu, kai da ka koyi baƙi da wasali da girmanka, ka san abin da ke kai mutane ajin yaƙi da jahilci. Wani awon gyaɗa ya kai shi, don kada a cuce shi wajen sikeli. Wata takardar likita ta kai ta. Amma da yawa in an tambaye su, amsarsu guda ce: suna son su karanta wasiƙarsu da kansu.

Dalili a fili yake. Ɗanka ya tafi ci-rani Abijan ko Legas, ya aiko takarda. Ba ka iya karatu ba, sai ka nemi ɗan lakwal ya karanta maka. Yaron ba mugu ba ne, amma yaro ne. Kafin la'asar unguwa duka ta san jika nawa aka aiko, ta san ɗiyar wa ɗanka yake so a nemar masa. Washegari masu bin ka bashi suna ƙofar gida.

Yanzu salula ta zo. Ko wanda bai san "a" ba yana danna wuri guda ya yi magana, muryarsa ta isa Libiya kafin ya aje wayar. Sai muka ɗauka an gama da mai karanta wasiƙar wani. Ba a gama ba. Ya dawo, amma wannan karon ba ka ganinsa, ba ka kuwa roƙe shi ba.

Ga yadda abin yake. Saƙonka ba tashi yake kamar tsuntsu daga hannunka zuwa hannun ɗanka ba. Salularka tana magana da doguwar eriyar nan ta kamfanin waya da aka kafa bayan gari. Eriya ta miƙa wa injunan kamfani, su kuma su miƙa gaba. In ta intanet ka aika, saƙon yakan bi ta manyan kwamfutocin waɗansu kamfanoni, da yawansu kuwa na Amurka ne. Duk zangon da ya yi yana barin sawu. Ana rubuta lambar da ta kira, da lambar da aka kira, da lokacin, da minti nawa aka yi, da eriyar da ta ɗauki kiran, wato wajen da kake a lokacin. Tun 2016 WhatsApp yana kulle saƙo ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗewa. Wannan abu ne mai kyau. Amma cikin wasiƙa aka kulle, rubutun bayan ambulan yana nan a fili.

Kada ka raina bayan ambulan. A ce an ba ka lissafin kiran wani mutum na mako guda, ba ka ji ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Ran Litinin ya kira surukinsa sau 4. Talata ya kira liman. Laraba wayarsa ta yini garin iyayen matarsa. Alhamis ya kira ƙanwar matar da tsakar dare. Sai an faɗa maka matarsa ta yi yaji?

To, wannan lissafin ne gwamnatoci ke so. A watan Yuni na 2013 wani ma'aikaci Ba'amurke mai suna Edward Snowden ya ba ƴan jarida takardun asiri na hukumar leƙen asirin ƙasarsu da ake kira NSA. Takardun suka nuna hukumar tana tara lissafin kiran wayar miliyoyin Amurkawa kullum, mai laifi da marar laifi duka. Suka nuna kuma tana karɓar saƙonnin mutane daga manyan kamfanonin intanet. A cikin shekarar aka ji har wayar shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ba ta tsira ba, alhali ƙasashen biyu abokan juna ne. Snowden ya gudu, ya ƙare a Rasha. A ƙasarsu waɗansu suna ce masa maci amana, waɗansu suna ce masa jarumi.

Bayan wannan sai aka ji labarin Pegasus. Wata dabara ce da wani kamfanin Isra'ila mai suna NSO yake sayar wa gwamnatoci. Ana cusa ta cikin salula daga nesa, mai wayar bai sani ba. In ta shiga, kullen WhatsApp bai da amfani, don mai leƙe yana ganin saƙon a cikin wayar kanta, kamar wanda ya tsaya bayanka kana karatu. Tana iya kunna kunnen wayar da idonta, wayarka ta koma ɗan rahoto a aljihunka. Kamfanin ya ce don kama ƴan ta'adda da manyan ɓarayi aka yi ta. Amma a 2020 masu bincike suka gano an auna wani babban limamin Kirista na ƙasar Togo da ita, tare da waɗansu ƴan adawa. A 2021 kuma ƴan jarida na ƙasashe da yawa suka samu jerin lambobi kamar 50,000 da ake zaton an zaɓa don leƙe, cikinsu har da na ƴan jarida da lauyoyi da shugabannin ƙasashe.

Za ka ce ina ruwan manomi da wannan? Da ruwansa. Nan Nijar ba a sayar maka da sim sai an rubuta sunanka, kuma a 2013 an rufe layuka fiye da miliyan ɗaya da ba a yi musu rajista ba. Ke nan lambarka da sunanka a ɗaure suke. A 2019 aka yi dokar laifuffukan intanet, wadda ta tanadi ɗauri ga mai watsa abin da zai ta da hankalin jama'a. A 2022 aka cire ɗauri kan zagi da ɓata suna, a watan Yuni na 2024 aka maido da shi. A ƙarshen watan Mayu na 2020 kuma majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba hukuma damar sauraren waya da karanta saƙonni saboda tsaron ƙasa. Dokar ta ce shugaban ƙasa ke ba da izini. Ƴan majalisa na adawa suka ƙi zama a jefa ƙuri'a, suka ce dokar ta saɓa wa kundin tsarin mulki na 2010, wanda ya ce ba a keta asirin wasiƙa da na waya. Shi kundin an dakatar da shi bayan juyin mulkin Yuli na 2023.

Tambayar ke nan: hukuma tana da ikon buɗe wasiƙarka?

Bari mu fara ba hukuma gaskiyarta, don tana da ita. Mutanen Madarumfa da Gidan Rumji ba sai an yi musu bayani ba. Ƴan bindiga suna shigowa da dare, su kore shanu, su tafi da mutum. Da me suke neman kuɗin fansa? Da salula. Da me ɗan rahotonsu na cikin gari yake gaya musu wane ya sayar da sa ran kasuwa? Da salula. Ranar da aka ɗauke ɗiyarka, Allah ya kiyaye, kai da kanka za ka kai wa jandarmomi lambar da ta kira ka, ka roƙe su su bi sawunta. Ba za ka tsaya zancen asirin ɓarawo ba. Wanda ya ce kada hukuma ta saurari wayar kowa ko da wane dalili, bai taɓa kwana cikin wannan tsoro ba. Ni ban ce haka ba.

Amma daga nan sai mutane su yi tsalle. Su ce tunda haka ne a saurari kowa da kowa, ai mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. In ba ka da abin ɓoyewa, me kake tsoro?

Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba daidai ba ce. Ta ɗauka duk abin da mutum ya rufe laifi ne. Dubi gidanka. Don me ka yi danga? Gawa ka binne ciki? Don me ake rufe ƙwaryar tuwo da faifai in za a bi da ita ta hanya? Tuwon na sata ne? Ana rufewa don kada maƙwabci ya san yau miyarku ba nama, ko ma yau tsaki kuka dafa. Mace ba ta faɗin cikinta na wata biyu. Mutum ba ya faɗin ciwon da ya kai shi likita, ko bashin da ya ci don ya yi wa ɗiyarsa kayan ɗaki. Babu laifi ko ɗaya cikin waɗannan, amma in an baza su kasuwa an ci mutuncinsa. Shi ya sa in Bahaushe zai yi maka addu'a mai nauyi yakan ce Allah ya rufa asiri. Ba cewa yake Allah ya ɓoye ɓarnarka ba. Cewa yake Allah ya bar ka da suturarka, ka ci da iyalinka ba wanda ya san yadda kuka yi. Mutanen da suka ɗauki rufin asiri ya kai abin roƙo wajen Allah, bai kamata a shawo kansu da zancen kaza ba. Kakanninmu ma sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Addini kuwa bai bar wannan ba. A Suratul Hujurati, aya ta 12, an hana bin diddigin asirin mutane. A Suratun Nuri, aya ta 27, an hana shiga gidan wani ba izini ba sallama. Malamai suna ba da wani labari na Sayyidina Umar lokacin da yake halifa. Yana zagayen dare a Madina sai ya ji hayaniya cikin wani gida. Ya haura katanga, ya tarar da mai gidan da giya gabansa. Mutumin bai musa ba. Sai ya ce shi laifi ɗaya ya yi, amma Sarkin Musulmi ya yi uku: ya yi leƙen asiri, ya shigo ta katanga ya bar ƙofa, ya kuma shigo ba sallama. Aka ce Umar ya karɓi maganar, ya fita bai hukunta shi ba.

Ka lura da abu guda cikin labarin nan. Mai gidan yana da laifi da gaske. Kazar tana aljihunsa. Duk da haka shugaba bai ce tunda na kama ka hanyar da na bi ta halatta ba. Kuma babu wanda ya fi ƙarfin Umar a garin da zai tilasta masa. Shi ya ga cewa mai mulki ma yana da ƙofar da aka ce ya bi.

Nan ne nake tsaye. Hukuma tana iya shiga, amma ta ƙofa. In ana zargin wane da kai wa ƴan bindiga mai, a faɗi sunansa da dalilin zargin gaban alƙali. Alƙali ya duba, in ya gamsu ya ba da takarda, ya yanka kwanaki. Abin da aka ji wanda bai shafi zargin ba, kamar faɗansa da matarsa, a shafe shi. In aka gano banza aka bi shi, ya samu inda zai kai ƙara. Babban abin shi ne mai neman izini da mai ba da izini kada su zama mutum ɗaya, ko ƴan ɗaki ɗaya. Ko a kasuwa ba a barin mai saye ya riƙe sikeli shi kaɗai. Ba don an ce ɓarawo ne ba. Don dai mutum ne. Abin da ya sa aka yi gardama kan dokar 2020 ke nan: izinin yana hannun masu mulki, ba hannun alƙali ba.

Tara saƙonnin kowa da kowa kuwa haura katanga ne, katangar gari duka, kowane dare. Shin ma yana kama ɓarawon? A 2014 wani kwamiti na gwamnatin Amurka kanta ya binciki tara lissafin kiran nan da Snowden ya tona. Ya ce bai ga ko wuri ɗaya da shirin ya hana wani harin ta'addanci ba. A 2015 majalisarsu ta sake dokar, a 2020 wata babbar kotu ta ce shirin ya saɓa wa doka. Wanda allurarsa ta faɗi cikin ƙaiƙayi, ƙara tulin ƙaiƙayi ba zai taimake shi ba.

Wani zai ce shi ya yarda da shugabanninmu, masu tsoron Allah ne. To, madalla. Amma injin sauraro ba ya bin mai shi kabari, ba ya kuwa bin sa in ya sauka. Ƙasar nan ta ga juyin mulki a 1974, da 1996, da 1999, da 2010, da 2023. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya. Abin da aka tara kanka yau, ba ka san hannun da zai riƙe shi bayan shekara goma ba. Maganar da ba laifi ba ce yau tana iya zama laifi gobe, ita kuwa na'ura ba ta mantuwa. Wanda ya sa a sayo injin ma, wata rana shi za a saurara da shi.

Dattawanku sun tuna zamanin Janar Seyni Kountché, lokacin da in za a yi zancen gwamnati sai an waiga hagu da dama an rage murya. Akwai hukumar ƴan sandan ciki, tana hannun wani na kusa da shi ƙwarai, Amadou Oumarou, wanda aka fi sani da Bonkano. A watan Oktoba na 1983, shugaban yana Faransa wajen taro, aka yi yunƙurin kifar da shi. Wa ke ciki? Bonkano. Mutumin da aka ba aikin leƙen kowa, shi ba wanda ke leƙensa.

Ƙasar da ta kai wannan aiki ƙarshensa ita ce Jamus ta Gabas, kafin ta haɗe da ta Yamma a 1990. Mutanenta kamar miliyan 16 ne. Hukumar leƙen asirinta, Stasi, tana da ma'aikata kamar 91,000 a 1989, ban da ƴan rahoto na ɓoye fiye da 170,000. Suna da sashe guda wanda aikinsa buɗe wasiƙun mutane da tururi, a karanta, a sake liƙewa. Takardun da suka bari, in an jera su, sun kai kilomita 111, sun fi nisan Maraɗi zuwa Katsina. Daga 1992 aka bar kowa ya je ya karanta abin da aka rubuta kansa. Waɗansu suka tarar amininsu ne yake kai rahoto. Akwai wadda ta tarar mijinta ne. Duk wannan bai hana gwamnatin faɗuwa ba. Kuma ka tuna, su da hannu da tururi suka yi. Abin da ya ci musu dubban ma'aikata, yau kwamfuta tana yin sa ba ta gaji ba.

Ɓarnar da ta fi damuna ba kamun da ake yi ba ne, don waɗanda ake kamawa kaɗan ne. Shirun da ke biyo baya ne. Mutum in ya zaci ana jin sa, sai ya fara tauna magana kafin ya faɗa, daga baya ya haɗiye ta. An ce an aiko taki bai iso ba, ba mai tambaya. An ce hatsin agaji buhu 100 ne, 60 aka gani, kowa ya duƙar da kai. Ba a kama kowa ba, ba a doki kowa ba, amma bakin gari ya mutu. Hukuma ma ta yi hasara, don shugaban da ake tsoron faɗa wa gaskiya, ƙarshe labarin ƙasarsa sai ya ji shi wajen maroƙa. Mu da muke koya wa manya karatu, don su iya duba takarda su ce nan ba daidai ba ne muke yi. In sun iya karatu amma suna tsoron buɗe baki, rabin aikin ya zube.

Wani abin mamaki kuma, hukumomin duniya da suka fi son jin asirin talaka su suka fi ɓoye nasu. Ka tambayi nawa aka sayi injin, ko mutum nawa aka saurara bara, a ce maka asirin ƙasa ne. Wanzami ba ya son jarfa. Ga ganina abin a juye yake. Kuɗin baitulmali na jama'a ne, shi ya kamata a gani a fili. Zancen mutum da matarsa nasu ne su biyu.

Kada mu ɗora wa hukuma kaya duka, mu ma muna haura katangar juna. Maigida ya jira matarsa ta shiga wanka ya ɗauki wayarta yana bincike. Aboki ya aiko maka murya ya faɗa maka damuwarsa, kai kuma ka tura wa mutum biyar don su yi dariya. Ana hira a majalisa wani ya kunna wayarsa cikin aljihu yana ɗaukar maganar dattijo. Ayar da ta hana sarki ita ta hana ka. Kuma ka sani, muryar da ka tura cikin taron WhatsApp mai mutum 200 ba asiri ba ce, shela ce. Ba sai da Pegasus za a ji ta ba, mutum ɗaya cikin 200 ya isa ya kai ta inda ba ka so. Labarin da ba ka tabbatar ba kada ka tura shi gaba, don dokar 2019 ba ta tsaya kan wanda ya fara ƙirƙira shi ba, ta haɗa da mai watsawa.

Sauran abu biyu ƙanana da ke hannunka. In za ka kai waya caji kasuwa, ko wajen yaran da ke zuba waƙoƙi, sa mata lambar sirri tukuna, kuma kada lambar ta zama 1234 ko 0000, su ake fara gwadawa. Sa'an nan kada ka ba wani katin shaidarka ya yi rajistar sim da shi, ko da ya ce maka nasa ya ɓace. Duk kiran da aka yi da layin nan sunanka ne a rubuce. In wata rana aka nemi kuɗin fansa da shi, ƙofar gidanka jandarmomi za su fara tsayawa.